Wadda Ba Za Ta Shiga Jaka Ba

Vaulx-en-Velin, ranar Laraba bayan la'asar

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Balkisa. Sunan nan mamanki ce ta rubuta, ni ban faɗa ba. Sunan mahaifiyata kika ci, bakina ba ya iya kama shi, sai dai in ce Uwata kamar yadda na saba.

Assalamu alaikum, Uwata. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa tafiyarki Pari ta zama ta alheri, ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke cikin mutanen kirki, ya tsare ki a hanya da wurin aiki da ɗakin kwananki. Yanzu kina can Bron kina ƙarasa kwanakinki na ƙarshe na aikin jinya a likita, mu kuma muna nan tsakanin kwalayenki da suka tare hanyar bayi.

Kin san ban yi lakol ba, ban iya rubutu ba. Mamanki ke riƙe da biro, ni nake faɗa. Mun yi sharaɗi da ita, duk abin da na faɗa za ta rubuta ko bai yi mata daɗi ba. In kin ga wani wuri rubutun ya karkace, nan ne ta tsaya ta harare ni. Ta ce me ya hana in faɗa miki baki da baki. Na ce ai na gwada ranar Lahadi, kuma kin ga yadda aka ƙare, ni na ɗaga murya, ke kika bar tuwonki kika tashi. Takarda ba ta ɗaga murya. Kuma ba ki iya katse ta da faransanci.

Bari in maimaita abin da ya faru, don kada ki ce na juya magana. Kin miƙo mini salularki kina murna, kika ce, "Baba, regarde, wannan zan saya in takardata ta izini ta fito. Compacte ce, tafin hannuna ma ya kusa rufe ta."

Na duba. Wata 'yar bindiga ce baƙa, gajera, kamar abin wasa. Na ce, "Me ya sa ƙarama?"

Kika ce, "Hannuna ƙarami ne."

Na ce, "Hannun da ke juya ƙaton Bafaranshe mara lafiya a kan gado shi kaɗai?"

Kika yi dariya, amma kafin dariyar idonki ya je wani wuri ya dawo. Ya je kan jakarki mai ruwan ƙasa da ke rataye a bayan ƙofa. Ni ɗan maharbi ne, Uwata. Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma tun ina ƙarami aka koya mini in duba inda dabba ta kalla kafin ta zabura. A nan na gane ba don filin harbi kaɗai kike son ƙaramar ba. So kike ta shiga jaka, ta bi ki metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta bi ki Porte de la Chapelle, sabuwar unguwarki a Pari. Shi ne na yi ihu. Ihun kuskure ne, amma abin da na gani ba kuskure ba ne.

Kada ki ɗauka harbin nake ƙi. Yaya zan ƙi? Kakanki Sarkin Baka ne a garinmu, shi ke gaban maharba duka, kakansa ma haka. Ranar da kika shiga kulob ɗin harbi mutanen unguwa sun yi ta magana, wai mace da bindiga. Na ce musu jini ne, bai tambayi mace ko namiji ba. Kin tuna ranar da kika kai ni in gani? Aka ɗora mini abin toshe kunne a kan hula, kika tsaya kika sa harsasanki cikin baƙin tsakiyar takardar da ake harbi, ɗaya kan ɗaya, har ramin ya zama guda. Madam mai koya muku ta dube ni ta ɗaga yatsa. Sai aka ba ni in gwada, na ɓata musu harsasai, ko gefen takardar ban taɓa ba. Na ce bindigar ce ba ta da saiti. Mamanki ta ce in faɗi gaskiya yau. To, ba bindigar ba ce. Amma ranar na koma gida ƙirjina ya fi rigata faɗi.

Don haka maganar zaɓe zan yi miki, ba maganar hani ba. Kuma ba ni da abin da zan koya miki da shi sai wautar da na tafka da kaina.

Ta farko, ina saurayi. Mahaifina ya ba ni adaka, irin bindigar nan ta maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki. Doguwa ce, in na tsayar da ita tana kai mini haɓa. A gidanmu haka ake yi, ana auna bindiga da tsawon mai ita. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce don kada ta ɓuya. Maharbi in ya taho, daga nesa ake ganin bakin bindigarsa sama da kansa, mata su kira 'ya'yansu, mai rigima ya sassauta harshe. Kuma doguwar bindiga ba ta shiga ƙofar ɗaki sai an sunkuyar da ita, mai ita ya tuna, ya koma ya rataye ta a zaure. A gidanmu bindiga ba ta taɓa wuce zaure ba. Akwai kuma wata al'ada. Ranar da maharbi ya tashi da fushi, ko sun yi cacar baki da matarsa, ko wani ya zage shi a kasuwa, da kansa yake ɗaukar bindigarsa ya kai gidan maƙwabci, ba ya karɓa sai rana ta faɗi. Ba abin kunya ba ne. Na sha ganin Sarkin Baka da kansa yana tsallaka hanya da tasa, mutane su ce yau matarsa Inna ta yi nasara.

Ni kuwa na sami keke, doguwar bindiga tana dukan ƙafata in ina tuƙi, kuma ina so 'yan mata su ga na fi tsofaffi wayewa. Na kai ta wurin maƙerin wani gari, ba namu ba, don namu zai kai ƙara. Na sa ya yanke mata baki. Ta dawo gajera, mara nauyi, gwanin kyau. Na fita da ita bayan gari na ga zabi suna kiwo. Na ɗana, na saita, na ja kunama. Uwata, ban san ko sama ce ta faɗo ba. Ta shure ni na zauna a kan ƙaya, babban yatsana ya tsage, zabin suka tashi dukansu lafiya lau, ina jin har dariya suka yi. Kunnena na hagu tun ranar bai sake jin kiran salla ba. Shi ya sa kullum nake juyo miki da dama, ba salo ba ne.

Mahaifina bai dake ni ba. Ya ɗauki bindigar ya jujjuya, ya ce nauyin da na cire mata shi ne ke shanye shurin, yanzu ba inda zai tafi sai jikina.

To, kin ji. Ƙarama ta fi shuri, ta fi ƙara, ta fi wuyar saiti. Ba ni kaɗai na faɗa ba, ki tambayi Madam ɗinku, na tabbata bakinmu zai zo ɗaya. In don ki sa harsashi a baƙin tsakiya kike so, mai nauyi za ki nema, mai dogon baki, wadda mariƙinta ya cika hannunki, yatsanki ya kai kunama ba tare da kin miƙe shi ba. Kada ki saya daga hoto. Ki ari na kulob ki gwada, wannan yau, waccan wani mako, har hannunki ya faɗa miki da kansa. Kuma kada ki taɓa cire abin kunnen nan, ko da kowa ya cire.

Wauta ta biyu kin san rabinta, rabin da ake dariya. Duk sallar layya sai wani ya ce, "Baba, ba mu labarin ranar da bindigarka ta yi sujada," ku yi ta ƙyaƙyatawa. Na bar ku kuna dariya don haka ya fi sauƙi. Yau ga ɗaya rabin.

Lokacin ina Pari ni kaɗai, ke da mamanki kuna Damagaram, ana kan neman takardun da za su kawo ku. Ke kina 'yar ƙarama, haƙoran gaba sun zube, hotonki yana cikin aljihuna. Ina kwana a foyer, gidan ma'aikata baƙi, nan kusa da Porte de la Chapelle, unguwar da za ki zauna yanzu. Aikina loda wa 'yan kasuwar Chadi da na Nijar kaya, tsofaffin firiji da tayoyi da injin ɗinki, masu tafiya gida. Wata rana da rana tsaka, a ƙarƙashin gadar babbar hanya, wasu samari suka tare ni. Sun ƙwace jakata, wannan bai dame ni sosai ba. Amma ɗayansu ya mare ni, hulata ta faɗi cikin ruwan kwata, ya taka ta, mutane suna wucewa ba wanda ya tsaya. Ni ɗan Sarkin Baka, na sunkuya ina tsamo hula a kwata.

Ban kai ƙara ba, ban faɗa wa kowa ba. Na nemi wani mutum da ake raɗe-raɗin yana sayar da irin abin nan a ɓoye, ko sunansa na gaskiya ban sani ba. Ya nuna mini abin da yake da shi. Ni da kunnena ya mutu saboda gajerar bindiga, kin san wadda na ɗauka? Mafi ƙanƙanta. Don tana shiga aljihun gaban riga, ba ta ko tasowa. Ban taɓa harba ta ba. Har yau ban san ko tana tashi ba.

Kwanakin farko na ji ni namiji. Ina tafiya ƙarƙashin gadar nan ina addu'a su sake fitowa. Ki lura da wannan, addu'a nake su fito.

Sai ta fara cin abin da ban yi ciniki da ita a kai ba. Kin san gaisuwarmu, in ka daɗe ba ka ga mutum ba sai ƙirji ya haɗu da ƙirji. Na daina, don kada a ji ƙarfe. Sai in miƙa hannu daga nesa kamar Bature. A foyer tare muke cin abinci, kwano ɗaya a ƙasa, kowa ya sunkuya. In na sunkuya aljihu yana buɗe baki, sai na koma ci ni kaɗai a ɗaki. Alwala ta zama aiki, sai na jira kowa ya fita. Sallar jam'i na riƙa yin latti da gangan don in tsaya a baya, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Mutane suka fara cewa Idi ya sami wani abu, ya soma girman kai. Ni da takarduna suke daidai, da nake wuce 'yan sanda ina ce musu bonjour, na koma in na hango su sai gumi ya karyo mini cikin sanyi.

Wata safiya a metro wani ya taɓa kafaɗata ta baya. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ni isa aljihu. Na juyo. Wani dattijo ne yake miƙo mini safar hannuna da ta faɗi. Ya yi mini murmushi. Bai san abin da yatsana ke kai ba. Na sauka a tashar da ba tawa ba, na zauna a benci. Duk da haka ban rabu da ita ba. Kin san mahaifinki.

Sai ranar Juma'ar. Masallacinmu wani ɗaki ne a ƙarƙashin foyer, a matse, kafaɗa kan kafaɗa. Na zo a makare kamar kullum, amma wani tsoho ya kamo hannun rigata ya jawo ni cikin sahu kusa da shi. Alhaji Mahamat ke nan, mutumin Chadi, mai sayar da turare. Babbar riga ce a jikina, mai faɗin aljihu. Muka yi ruku'u, na dafe. Muka tafi sujada, dole hannu biyu su sauka ƙasa. Sai na ji ta zame. Ta sauka a kan darduma, ta ɗan yi gaba, ta tsaya daidai gaban goshin Alhaji, bakinta yana kallon diddigin mutumin da ke gabanmu. Da harsashi a cikinta.

Nan ne kuke dariya. Ni a nan na ga komai ya ƙare. In ta tashi, na kashe mai salla a cikin salla. In ba ta tashi ba, wani ya yi ihu, 'yan sanda su zo, a rufe masallacin mutane saboda ni, a ɗaure ni, a sa ni jirgi. Takardunku kuma a yaga.

Alhaji Mahamat bai ko juyo ba. Yana ɗagowa daga sujada ya zare hularsa ya kifa a kanta, kamar mai rufe kwanon abinci. Ya ƙarasa sallarsa da sanƙonsa a waje, yana sa goshi a gefen hular. Abin da liman ya karanta a raka'a ta biyu, ko za a yanka ni ban sani ba.

Ana sallamewa ya tattara hular da abin da ke ciki, ya danna a hammata, ya fita. Tsoho mai jikoki, kai ba hula, cikin sanyin Pari. Na bi shi da gudu har bakin titi.

Na ce, "Alhaji, kayana."

Ya ce, "Wane kaya, ɗan Damagaram? Hulata na ɗauka. Ko hular ma taka ce?"

Na ce, "Alhaji, kada mu yi haka da kai."

Ya ce, "To mu je komisariya ka ce wa 'yan sanda tsoho ya yi maka sata. Ni zan raka ka, na san hanya."

Na tsaya ina huci. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Iyalinka suna ina?"

Na ce suna gida, ana kan takardu.

Ya ce, "Hoton yarinyar nan da kake nuna mana, aljihu ɗaya kake sa shi da wannan?"

Aljihu ɗaya ne kuwa. Ya juya ya tafi abinsa.

Ga wauta ta uku, ita ce ta fi ba ni kunya. Maimakon in gode masa, sai na yi fushi. Na daina gaishe shi. Azumi ya zo ya wuce, muna shan ruwa a ɗaki ɗaya, ina kawar da kai. A ganina ya tuɓe ni ya bar ni tsirara a unguwar da aka mare ni. Da yake ba ni da ƙarfe a aljihu, dole na daina bin ƙarƙashin gada ni kaɗai, na koma jiran abokan lodi mu tafi tare. Dole na koma gaida mai shagon kusurwa da mai gasa masara da matar da ke sharar tasha, don in wani abu ya same ni a sami wanda zai ce ya san ni. Na koma kwano ɗaya. Na koma sahun gaba. Ban lura da ranar da tsoron ya ragu ba, sai dai na wayi gari na ga ina tafiya hannuwana biyu suna lilo.

Da kuka iso, shi ne tsohon da ya zo da turare ya ba mamanki, ya ɗora ki a cinya yana ba ki dabino. Kin tuna shi, kina ce masa Kaka mai ƙamshi. Sau ɗaya na tambaye shi inda ya kai ta. Ya ce tana inda ba za ta sake shiga sahu ba. Kafin mu taso nan yankin Lyon na saya masa hula sabuwa na kai masa. Ya gwada ya ce ta yi masa kaɗan, amma ya riƙe. Iyakar godiyar da na yi masa ke nan. Ya koma ƙasarsu ya rasu can, Allah ya jiƙansa. Uwata, in wani ya karɓe wani abu daga hannunki don ya cece ki, ki yi fushin in ya zama dole, amma ki gajarta shi, ki buɗe baki ki ce na gode tun yana iya ji.

Yanzu maganar da mamanki ta ajiye biro a kanta. Ta ce amana kika ba ta. Na ce sharaɗi sharaɗi ne, kuma ba ita ta faɗa mini ba, kunnena na dama lafiyarsa ƙalau, bangon kicin kuma ba kauri gare shi ba. Na san abin da ya faru lokacin da kika je Pari koyon aiki. Na san wani ya bi ki daga tashar tiram, jirgin cikin gari, har ƙofar gida, ya kama miki hannu, ya fizge gyalenki, Allah ya kawo maƙwabciya ta buɗe ƙofa. Na san tun ranar kike waiwaye. Da na ji, na shiga ɗaki na zauna, kuma wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne ina ma Alhaji Mahamat bai ɗauke tawa ba. Ni tsoho da furfura. Don haka ba zan ce miki tsoronki ƙarya ne ba, ba zan ce ki yi haƙuri kawai ba. Hularki ce ta faɗi a kwata, na san zafin.

Amma ki bi jakar nan da ido tare da ni. Ke kika karanta mini dokar ƙasar nan da bakinki. Takardar da kike jira ta ajiye bindiga ce a gida cikin akwatin ƙarfe, da kai ta filin harbi a kulle, babu harsashi a ciki. Ba ta yawo da ita ba ce. Ranar da aka buɗe jakarki a tasha aka gan ta, aikin jinyar da kika yi shekaru kina wa karatu ya tafi, kulob ya tafi, sunanki ya shiga inda ba ya fita. Wannan shi ne mai sauƙin. Ɓarawo in ya zo, jaka yake fara fizga, kin ga kin ba shi kyautar da bai roƙa ba. A wurin aiki za ki bar ta a kabad ki shiga ɗakin marasa lafiya, rabin hankalinki yana kan allura, rabi yana kan kabad. Ki je gidan suna, yara su rufe ki suna lalube jakar Tanti neman alewa, ki ture su. Ki zo gida, mamanki ta miƙa hannu ta karɓi jakarki kamar yadda ta saba, ki riƙe gam.

Akwai wanda ya fi waɗannan duka, shi ke hana ni sukuni. Ni, da a ce na ja kunama a metro ranar nan, wataƙila da na sami rufin jirgi. Ke ba ki kuskure, Uwata. Na gani da idona. Wanda duk ya taɓa kafaɗarki ta baya a ranar da tsoro ya yi miki yawa, ko mugu ne ko mai miƙo safar hannu, ba zai tashi ba. Kuma a metro babu tsoho mai hula a gefenki.

Ba ni da abin da zan ba ki wanda zai sa in rantse ba abin da zai same ki. Da akwai, da na sayar da rigata na saya. Abin da na sani shi ne wanda ya yi mini aiki. Ɗan Alhaji Mahamat, Abakar, yana nan da shagon turaren a unguwar. Na kira shi jiya, ya ce shi da matarsa suna jiran ki, ki ɗauki gidansu gidanku. Ki je tun makon farko, ba sai da matsala ba. Ki gaida mutanen layinku har su gaji da ke, ki san sunan mai shago, shi ma ya san naki. Ki nemi abokan aikin da hanyarku ɗaya ku riƙa fitowa tare. In wani ya sake bin ki, kada ki yi irin nawa ki haɗiye, ki je komisariya ki faɗa, ki kira Abakar, ki kira ni. Makarantar kokawar nan da kika ce mata suna zuwa, ki shiga, ba zan ce komai ba. In gidan bai kwanta miki ba ki sake wani, ko za mu ci tuwo ba miya. Jirgin ƙasa kuma bai fi ƙarfina ba tukuna, in kin ce in zo, zan zo in zauna a ƙofar gidanku da carbina har unguwar ta san kina da uba.

Bindiga kuwa ki saya, da albarkata. Ranar Asabar, kafin ki tafi, mu je shagon bindigogi tare, ko da takardar ba ta fito ba, mu duba mu zaɓa. Ke ki duba nauyi da mariƙi da saiti, wannan fanninki ne, ba zan sa baki ba. Ni abu ɗaya zan auna. Ki zo da jakarki mai ruwan ƙasa. Duk wadda ta shiga ciki zif ya rufe, mu mayar wa mai shago da kayarsa. Wadda ta ƙi shiga, ta cikinsu ki zaɓi wadda ranki ke so. Ba ni da zaure da zan ba ki a Pari, akwatin ƙarfen nan shi ne zaurenki, daga shi sai filin harbi, daga filin harbi sai shi. Ranar da kika tashi da fushi ko da tsoro kuma, kada ki buɗe shi, ko filin ma kada ki je. Ki bari rana ta faɗi. Kakanki ma ya bari.

In kin ƙi, ke babba ce, ba zan yi miki baki ba, ba zan daina ɗaukar wayarki ba. Na riga na gwada irin wannan fushin a kan mutumin da ya fi ni, ban ga abin da ya ƙara mini ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki dube ni ki faɗa mini gaskiya, ta kunnen dama.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah ya sa hannunki ya zama na warkarwa har ƙarshen rayuwarki, ya kare ki daga mugu, ya kare bayin Allah daga kuskurenki. Allah ya haɗa ki da masu rufa asiri irin wanda ya haɗa ni da shi. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya, ki shigo ki rungume mu ba abin da kike dafewa. Amin, ya Rabbi.

Ni ne mahaifinki,
Idi ɗan Sarkin Baka

Balkisa, ni ce mamanki. Ya tashi ya shiga alwala, bai san na ƙara wannan ba. Ranar Asabar ki je da babbar jakar, ki bar shi ya yi awonsa ya ji daɗi. In kun dawo ki bar mini ita, na daɗe ina son ta don cefane. Na saya miki wata, tana kan gadonki. Salula da makulli da katin metro suna shiga, na gwada, ko carbi sai an lanƙwasa. Ita za ki tafi da ita Pari. Allah ya kiyaye hanya, 'yata.